Tambaya da Amsa: Jarumin Nan Mai Rufe Fuska

TAMBAYA: Malam, a wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafai a nan Sakkwato na sayi wani littafi mai kauri na labarin zane, wanda jaruminsa ke rufe idanunsa da baƙin ƙyalle, ana ce masa Phantom. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kowane layi gida uku ne ko huɗu, kuma labarin yana yawan maimaita kansa. Mene ne asalinsa, kuma ya dace in ba ɗana mai shekara 12? Daga wani malamin makaranta, Runjin Sambo.

AMSA: Malam, abin da ke hannunka tun asali ba littafi ba ne, yankan jarida ne aka tattara aka sake bugawa. Wani Ba'amurke mai suna Lee Falk ne ya ƙirƙiro Phantom, kuma ya fara fitowa a jaridun Amurka ranar 17 ga Fabrairu, 1936, wato kafin Superman na 1938 da Batman na 1939. Kowace rana layi ɗaya ake bugawa da baƙar tawada, sai a watan Mayu na 1939 aka ƙara shafin ranar Lahadi mai launi, wanda yawanci labarinsa daban yake tafiya da na sauran ranaku. Maimaicin da ka lura da shi daga nan ya samo asali, domin dole gidan farko ya tuna wa mai karatu inda aka kwana jiya, gidan ƙarshe kuma ya bar shi da zumuɗin sayen jaridar gobe. Wanda ya karanta na wata uku a zama ɗaya lalle zai ji kamar ana tusa masa magana.

Shi labarin a kan gadon aiki daga uba zuwa ɗa aka gina shi. A shekarar 1536 'yan fashin teku suka kashe mahaifin wani saurayi, shi kuma ya yi rantsuwa a kan ƙoƙon kan makashin cewa shi da zuriyarsa za su yaƙi zalunci, daga nan ɗa ke karɓar rigar Phantom daga uba, har mutane suka ɗauka mutum ɗaya ne da ba ya mutuwa. Wanda ake ba da labarinsa shi ne na 21, yana zaune a wani kogo cikin dajin ƙasar Bangalla, wadda babu ita a taswira, tare da farin dokinsa da kyarkecinsa. Ba shi da tsafi kuma ba ya tashi sama, ƙarfinsa da dabararsa da tsoron da sunansa ke jefawa a zukata su ne makamansa.

Game da ɗanka, ka fara duba shekarun da aka rubuta a bangon littafin. Falk ya ci gaba da rubuta labarin har rasuwarsa a 1999, amma masu zanen sun sauya, daga Ray Moore zuwa Wilson McCoy, sannan Sy Barry wanda ya riƙe aikin daga farkon shekarun 1960 zuwa 1994. A ganina na zamanin Barry ya fi dacewa da yaro, saboda zanensa ya fi fita tsaf, kuma a lokacin ne aka yi wa Bangalla shugaban ƙasa baƙar fata mai ilimi. Na farko-farko kuwa an yi su ne a zamanin mulkin mallaka, ana nuna mutanen daji a matsayin matsorata masu camfi waɗanda sai farar fata ya cece su. Ban ce a ɓoye wa yaro wannan ba, sai dai ka zauna ku karanta tare, ka nuna masa inda aka raina mutane irinsa. Ka kuma sani akwai harbi da naushi, da 'yan shafukan soyayya tsakanin jarumin da Diana Palmer, wadda ya aura a 1977.

Idan kana son ƙari, kamfanin Hermes Press na Amurka ya buga jerin kundaye na layukan kullum bi da bi tun daga 1936, kamfanin Frew na Ostireliya kuma yana buga Phantom tun 1948. Wanda ke hannunka kuwa ka nisanta shi da hasken rana, domin zafin Sakkwato na busar da takarda har ta riƙa karyewa, ka sa shi a adaka a ɗora bisa kantar ajiye kaya, inda gara ba za ta kai gare shi ba.