Amsa ga Hajiyar Agege kan kaluluwar wuyan ɗanta

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce kaluluwa ta fito masa a wuya ta ƙi sacewa, an zuƙi ruwanta da allura, sakamako ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun yi yawa kuma kamanninsu sun sauya. Kina tambaya ko ciwon daji ne ke nan.

Takardar ba ta ce haka ba. Likitan da ya duba ya ga abin da bai kwanta masa ba, amma ɗan abin da allura ta ɗebo bai isa ya yanke hukunci ba. Tarin fuka yana kawo irin wannan, haka HIV, da ƙwayar cutar EBV mai kawo zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, har da maganin farfaɗiya irin su phenytoin. Dajin kaluluwa ma yana cikin lissafi, shi ya sa ba a zama.

Ƙanena mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas ya riƙe irin wannan takarda. Abin da ya raba gardama shi ne ciro kaluluwar ɗungurungum, domin sai an ga yadda ƙwayoyin suka jeru a cikinta. Daga nan aka yi gwajin rini mai bambance jinsinsu, za ki ga an rubuta sunayen gwajin a takarda, irin su CD20, CD3 da Ki-67. Da tsada, ga jira, amma kuɗin bai tafi a banza ba. Nasa tarin fuka ne, alhali ko tari ba ya yi. Wata 6 ya yi yana shan magani, kyauta a asibitin gwamnati.

Ki nemi a tura ku wurin likitan jini a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja. In an ciro naman, ana adana shi cikin ɗan dunƙulen kakin zuma irin na asibiti, kuna iya neman a ba ku shi wani likitan ya sake dubawa.

Abin da na fi jiye miki shi ne kemis. Kada a ba yaron magungunan rage kumburi irin su prednisolone ko dexamethasone kafin a ciro naman. Suna sa kumburin ya sace ko da daji ne, a yi ta murna, gwaji kuma ya rikice. Wanzami ma ya yi haƙuri, ba wurin tsaga ba ne.

Idan yana zazzaɓi, ko gumin dare mai jiƙa zanin gado, ko yana ramewa, ki faɗa wa likita tun a bakin ƙofa, kada ki jira ranar da aka rubuta muku.