Rassan bedina sun tare ƙofa, in sare su duka?

Tambaya: Wani ɗan uwa daga Tawa ya ce bedin da ya dasa a ƙofar gida ya shekara 3, rassan ƙasa sun hana amalanke wucewa, shi ne yake so ya sare su duka ya bar tukku kawai a sama.

Amsa: Malam, don Allah kar ka yi mishi aski lokaci guda. Gaskiyarka ne sai an cire su, don reshe ba ya hawa sama in icce ya girma, inda ya fito nan zai tsaya har ya tsufa, amma ganyen rassan ƙasan nan su ke ciyar da gindi ya yi kauri, in ka kwashe su gaba ɗaya sai ya zama dogo siriri kamar kara, iskar farkon damina ta zo ta karya shi. Ka raba tsawonshi uku, kashi biyu na sama ka bar su da ganye, bana ka cire reshe biyu ko uku, baɗi ka ƙara.

Wurin yankan ne aka fi yin ɓarna. Duba inda reshen ya haɗu da jikin iccen, za ka ga ɗan kumburi kamar zobe, to dab da shi ake yankewa ta waje, shi ne zai rufe ciwon a hankali. Ka yanke zoben, rauni ya daɗe a buɗe, ka bar dogon kututture kuma ya bushe gara ta samu ƙofa. Reshe mai nauyi kuwa ka fara tsaga shi ta ƙasa kamar santimeta 30 daga jiki, sannan ka yanke ta sama ya faɗi, daga baya ka gyara guntun, in ba haka ba yana faɗowa zai saɓule ɓawo har ƙasa, na sha ganin wannan kuma yana min ciwo. Zarto ya fi adda, in adda ce gare ka to ta yi kaifi sosai, ka sara daga ƙasa zuwa sama yadda masu sassaben zamani, wato renon tohon itatuwa a gona, ke yi a gonakin Maraɗi. Baƙin mai na mota da ake shafawa ba ya warkar da komai, bar shi ya sha iska.

Ka jira sanyi bayan kaka. In da gao ne da sai ka fara ganin ma'aikatan gandun daji, doka ta kare shi, kuma reshen da ya kusa wayar kuran kar ka taɓa, kira kamfanin wuta, NIGELEC.