Namiji zai iya jagorantar kwale-kwalen mata a gasar tsere?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga Jos, ina neman gurbin karatu a Amurka, ƙanwata ma tana nema. A wasannin Olamfik na Paris na ga namiji zaune a ƙarshen kwale-kwalen matan Birtaniya yana ba su umarni, har suka samu lamba. Ni ba ni da jiki, nauyina bai kai kilo 55 ba. Wani ya ce mini ƙungiyoyin tseren kwale-kwale na mata a jami'o'in Amurka suna ba da tallafin karatu sosai. Zan iya neman wannan kujera a wurinsu? Ƙanwata fa, za a yarda ta jagoranci maza?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba, don kada ka ɗora buri a kansa. A gasar matan jami'o'in Amurka da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, ke gudanarwa, ba za ka zauna a wannan kujera ba. Ƙanwarka kuwa ƙofa biyu ke buɗe a gabanta: tana iya jagorantar mata, tana iya jagorantar maza. Abin da ka gani a Paris kuma daidai ne, idonka bai yaudare ka ba. Dokar ce take bin mai gasar, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Mutumin da ka gani ana kiransa koks, ni zan kira shi jagora. A kwale-kwalen mutum takwas, matuƙan duka suna zaune ne bayansu na fuskantar inda za su. Jagora kaɗai ke kallon gaba. Igiya ce a hannuwansa biyu wadda ke juya wani ɗan ƙaramin allo a ƙarƙashin jirgin, da shi yake riƙe akalar jirgin da tsawonsa ya haura mita 17 a cikin layin da faɗinsa kusan mita 13 da rabi ne. Akwai makirufo a bakinsa da lasifikoki a ƙarƙashin kujeru, da na'urar da ke nuna masa sau nawa filafilai ke shiga ruwa a minti ɗaya. Shi ke faɗin inda abokan karawa suke, shi ke cewa yanzu ne za a ƙara wuta, shi ke jin wanda filafilinsa ya makara ya gyara masa ba tare da ya ruɗa sauran ba. Koci yana can a gaɓa, ba a yarda ya yi magana da su ta na'ura ba da zarar an tashi. Tsawon mita 2,000, minti biyar da rabi zuwa shida, jagora ne koci. Amma ba ya jan filafili ko sau ɗaya. Ƙarfin damtsensa ba ya ƙara wa jirgin gudu, nauyinsa ne kawai ke iya rage shi. Riƙe wannan, domin duk gardamar a kansa ta tsaya.

Hukumar wasan ta duniya, wadda aka kafa a 1892 da sunan FISA kuma yanzu ake kira World Rowing, ta daɗe tana ɗaukar jagora a matsayin ɗaya daga cikin matuƙa ta fuskar jinsi. Jirgin maza, jagora namiji. Jirgin mata, jagora mace. Haka aka fara tseren mata a Olamfik na Montreal a 1976, haka aka ci gaba har Rio a 2016. A farkon 2017, a babban taron da hukumar ta yi a Tokyo, aka soke wannan sharaɗi. Tun daga lokacin kowa na iya jagorantar kowane jirgi.

Ba jinsi kawai aka taɓa ba, an taɓa sikeli. Da can mafi ƙarancin nauyin jagoran maza kilo 55 ne, na mata kilo 50. Aka mayar da shi kilo 55 ga kowa. Wanda bai kai ba, ana ba shi ƙarin nauyi, galibi jakar yashi ko ƙarfe, ya ajiye kusa da jikinsa a cikin jirgi, kuma an yarda ƙarin ya kai kilo 15. Ana hawa sikeli cikin kayan gasa, tsakanin awa biyu zuwa awa ɗaya kafin tsere. Ka ga ke nan nauyinka ba aibu ba ne a nan, jaka kawai za a miƙa maka. Wannan doka ta mafi ƙarancin nauyi tana da tarihi. A Olamfik na Paris na 1900, matuƙa biyu 'yan Holan sun ga jagoransu ya yi musu nauyi, suka sauke shi kafin tseren ƙarshe, suka ɗauko wani yaro Bafaranshe suka ɗora, suka ci. Ba don an sa iyaka ba, da ƙananan yara da masu horar da kansu da yunwa za su cika wannan kujera. Har yau ma ana samun jagororin da ke ƙuntata wa cikinsu don su sauka daidai kan kilo 55, kuma abu ne da nake ƙi da gaske. Kilo ɗaya ko biyu ba su kai darajar jagoran da kansa ke aiki daidai ba.

'Yan New Zealand ne suka fara cin moriyar sabuwar dokar da gaske. A 2017 Sam Bosworth ya jagoranci jirgin matansu. Daga baya suka yi musanya: Caleb Shepherd ya koma wurin mata, suka ci zinare a gasar duniya ta 2019, suka ci azurfa a Olamfik na Tokyo da aka yi a 2021, shi kuma Bosworth ya koma wurin maza suka ci zinare a Tokyon. Wanda ka gani a Paris Henry Fieldman ne. Ya ci tagulla da mazan Birtaniya a Tokyo, ya sake cin tagulla da matansu a 2024, ya zama mutum na farko da ya samu lambar Olamfik a jirgin maza da na mata. A wannan gasa ta Paris ɗin, Dieuwke Fetter, mace ce, ta jagoranci mazan Holan suka ci azurfa, Kendall Brodie kuma tana jirgin mazan Ostareliya. Ka lura da yadda guraben suke da ƙaranci: tun 1996 jirgin mutum takwas ne kaɗai ke da jagora a Olamfik. Kujera biyu ke nan ga kowace ƙasa, in ma ta samu shiga. Ƙasar da ke da gwanaye biyu duka maza, ko duka mata, a da sai ɗaya ya zauna a gida. Yanzu koci na ɗaukar wanda ya fi dacewa da jirgin.

Ingila kuwa ta riga hukumar duniya da shekaru masu yawa. Gasar Henley, shahararren tseren kwale-kwale na ƙasar, ta yarda mata su yi jagora tun 1975. A karawar Oxford da Cambridge a kogin Thames, wadda aka fara a 1829, Sue Brown ta jagoranci mazan Oxford a 1981 suka ci, ta sake ci da su a 1982. Jasper Parish ya ci da matan Cambridge a 2022, shekara ta zagayo ya ci da mazansu. Saboda haka in da jami'ar Ingila ka nufa, da amsata ta bambanta.

To me ya sa Amurka ta fita daban? A can wasan yana da iyayen gida biyu. Tseren mata yana ƙarƙashin NCAA, wadda ta fara gudanar da gasarsu ta ƙasa a 1997. Tseren maza kuwa bai taɓa shiga ƙarƙashinta ba; babbar gasarsu tana hannun wata tsohuwar ƙungiya mai suna IRA, wadda ke shirya tsere tun 1895. IRA ba ta hana mace jagoranci, shi ya sa in ka kalli jiragen mazan jami'o'i za ka ga mata da yawa riƙe da igiya. Ita NCAA tana da ƙa'ida ɗaya da ta shafi duk wasanninta: da zarar namiji ya shiga ƙungiyar mata ya yi gasa, ƙungiyar ta tashi daga ta mata ta zama gauraye, kuma gaurayen ba ta shiga gasar mata. Ba a yi wa kwale-kwale togiya ba. Jagora ɗan ƙungiya ne, sunansa na cikin jeri, lambar da aka ba matuƙa ita ake ba shi, don haka ƙa'idar ta hau kansa.

Tushen abin wata dokar ƙasa ce ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambancin jinsi. A fagen wasanni, ma'anarta ita ce jami'a ta nuna tana ba mata dama daidai da maza. Ƙwallon ƙafa irin na Amurka yana cin guraben maza masu ɗimbin yawa, ƙungiya ɗaya kan haura mutum ɗari. Jami'o'i suka nemi wasan mata mai ɗaukar jama'a da zai daidaita lissafi, suka samu kwale-kwale. An yi shekaru da dama a baya manyan jami'o'i na rukunin farko na NCAA suna da izinin ba da tallafin karatu har na gurbi 20 a tseren mata. Wanda ya ba ka labarin tallafi bai yi ƙarya ba, sai dai kuɗin an ware su ne don mata, kuma kowane gurbi ana ƙirga shi.

Ga ra'ayina, tun da ka tambaye ni. Ta fuskar aikin kansa, hukumar duniya ce ta yi daidai. Babu abin da ke cikin riƙe igiya, karanta iska da ruwa, da sanin lokacin magana da lokacin shiru, da ya keɓanta da namiji ko mace. Amma ban ga laifin NCAA ba, ko da ƙa'idarta ta taɓa ka. A Olamfik ana neman wanda zai ci tsere. A jami'a ana raba guraben karatu, kuma yarinya ƙarama marar tsawo, wadda ba za ta taɓa samun wuri a ƙwallon kwando ko cikin matuƙa ba, wannan kujera ce kusan ƙofarta ɗaya tilo ta shiga wasa da samun tallafi. In aka buɗe ta ga maza, wasu 'yan mata za su rasa. Na san akwai rashin daidaito a ciki: ita tana da ƙofa biyu, kai kana da ɗaya, kuma a taka ƙofar ma za ka yi takara da mata. Masu ƙorafi a kan haka suna da hujja. Ni dai na auna, na ga asarar da za a yi in aka cire ƙa'idar ta fi wadda ake yi yanzu.

Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne. Nemi jami'ar da ke da ƙungiyar maza. A gasar IRA mafi ƙarancin nauyin jagora kusan kilo 57 ne, na matan NCAA kuwa kimanin kilo 50, don haka za ka riƙa ɗaukar ƙarin nauyi. Ƙungiyoyi da yawa suna karɓar sababbin shiga a farkon zangon karatu, waɗanda ba su taɓa shiga jirgi ba, kuma jagora abin nema ne a koyaushe, domin mutum tara ake buƙata kafin jirgin takwas ya bar gaɓa. Sai dai kada ka sa ran tallafi daga nan. Kuɗin da ke tseren maza bai kai na mata ba, manyan jami'o'in nan takwas irin su Harvard da Yale kuma ba sa ba da tallafi saboda wasa sam, sai dai bisa buƙatar iyali. Ka nemi gurbinka da takardunka, kwale-kwale ya biyo baya. Ita ma ƙanwarka ta sani cewa kociyoyi kan fi zuba kuɗi a kan matuƙa, kuma jagorar da ake ɗauka da tallafi galibi ta yi shekaru tana yi, tana da muryarta da aka naɗa a lokacin tsere da za ta aika a saurara.

Akwai maganar da ba ka yi ba, amma na san za a yi ta a gida in ƙanwarka ta ce za ta zauna a jirgin maza. Atisaye da asuba ake yi, akwai tafiye-tafiye da kwana a otal, kuma jagora tana fuskantar matuƙin farko ido da ido, gwiwa kusa da gwiwa, sa'o'i a kowane mako. Akwai kuma al'adar jefa jagora cikin ruwa in an ci gasa. Doka ta yarda ba yana nufin dole ba. In ita ko iyayenku ba su natsu da haka ba, jirgin mata na nan, kuma a can ne ma tallafin yake. Ta tambayi koci tun da wuri game da sutura da masauki. Jagora kan sa dogon wando da riga mai hannu saboda sanyi, don haka rufe jiki ba baƙon abu ba ne a wannan kujera.

In kuna tunanin sa rigar Najeriya wata rana, dokar duniya ta buɗe muku ku biyun, amma jagora dole ya kasance ɗan ƙasar da jirgin ke wakilta, kuma sai akwai jirgin. Chierika Ukogu, wadda ta wakilce mu a Rio a 2016, da Esther Toko a Tokyo, dukansu a kwale-kwalen mutum ɗaya suka fito, wanda ba ya da jagora. Kafin ku tafi, in hanya ta kawo ku Abuja, ku je tafkin Jabi ku ga masu tuƙi, ku shiga jirgi sanye da rigar kariya ku ji yadda ruwa ke motsa shi. Kuma ku koyi iyo sosai, domin yawancin ƙungiyoyin jami'a suna yin gwajin iyo kafin su bar sabon shiga ya hau ruwa, jagora ma ba a ɗauke masa ba.