Shebur da ciwon ƙugu a lokacin dusar ƙanƙara

Ka ce ƙugunka na riƙewa duk ranar da muka fita sharar ƙanƙara, alhali ka yi lodin yashi a tifa a gida bai taɓa yi maka haka ba, kana tambaya ko sanyin jihar Minesota ta Amurka ne. To ɗana, sanyi na da nasa, amma laifin na hannunka ne, ya saba da watsawa. Ina kallonka: ka cika shebur maƙil, ka murɗa jiki, ka cilla ta kafaɗa, ƙafafunka na kafe wuri guda. Sunkuyo da murɗawa lokaci ɗaya, ga kaya nesa da jiki, shi ne abin da guringuntsin tsakanin ƙasusuwan baya ba ya jurewa.

Wannan aiki turawa ake yi. Ɗauki shebur mai faɗin baki, ka buɗe hanya ɗaya a tsakiya, sannan ka riƙa tura dusar zuwa gefe da gefe kana tafiya. Sai ka kai bakin tari za ka ɗaga, nan ma gwiwa ce za ta lanƙwashe, ba baya ba. Hannu ɗaya can ƙasa kusa da bakin shebur, ɗaya a ƙarshen ƙota, kayan na dab da cikinka. Inda za ka zubar, juya ƙafafunka su fuskance shi tukuna. Taku biyu ba ya rage komai a kuɗin aiki.

Kuma ka riƙa duba irin dusar da ta sauka. Busasshiya ba ta da nauyi. Jiƙaƙƙiya kuwa, mai zuba lokacin da sanyi ke kusa da sifili, takan ninka ta sau uku ko fiye, shebur ɗaya ya kai kilo bakwai. Irin wannan rabi-rabi ake ɗiba, daga sama zuwa ƙasa. Mafi mugunta ita ce wadda motar share titi ke tarawa a bakin ƙofa, ta haɗu da gishirin da ake barbaɗawa don narkar da ƙanƙara ta dunƙule. Fara da ita tun kana da ƙarfi, kafin ta daskare. Kuma ka tara ta hannun dama idan kana fuskantar titi, don in motar ta dawo ta wuce da ita gaba, ba ta maido maka ba.

Shafa ɗan man girki a bakin shebur, dusa ba za ta manne ba. Na roba ya fi na ƙarfe sauƙi.

Dokar birnin Miniyafolis ta ba gidajen zama awa 24 bayan tsayawar dusa su share hanyar ƙafa ta gefen titi, shaguna da manyan gine-gine awa huɗu na rana, shi ya sa muke sammako. Sai dai da asuba baya ya fi saurin jin rauni, don haka kada ka sauko daga gado ka kama shebur. Yi ɗan tattaki, ka motsa gaɓoɓi jini ya zaga.

Gishirin da muke barbaɗawa ba ya aiki sosai idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili. A nan sai yashi, don santsi ma na karya ƙugu.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba baya ba ne, zuciya ce. Sanyi na tsuke jijiyoyin jini, ga mutum na riƙe numfashi yana ɗaga kaya. A Nuwamban 2014, da dusa ta kai kusan mita biyu a yankin Bafalo ta jihar New York, akwai waɗanda zuciya ta buga musu suna kan shara. In ka ji ƙirji ya yi nauyi, ko jiri, ko zafi na sauka hannun hagu, ajiye shebur ka kira 911, lambar agajin gaggawa, kafin ka kira ni.