Kwantenar Apapa za ta iya zama gida a duniyar wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Agege. Muna sayo tsofaffin kwantena daga Apapa mu yanka mu mayar da su shago ko ofis, wani lokaci mu ɗora ɗaya kan ɗaya. Na ji an ce gidan da za a gina wa 'yan sama jannati a duniyar wata ɗaki-ɗaki za a kai shi a harhaɗa a can. Shin irin aikinmu ne? Kuma ina za su samu wuta da ruwa da iska?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, rabin hasashenka daidai ne. Abin da ya sa kwantena ta ci kasuwar duniya shi ne awonta ɗaya ne ko'ina: wadda aka ƙera a Sin za ta zauna daram a bayan tirelar da ke layi a hanyar Apapa, makullan kusurwa su shiga ramukansu ba gardama. Dabarar da injiniyoyi ke so a wata ke nan. Babu rokar da za ta ɗauki gida sukutum ta yi tafiyar kilomita wajen 384,000 da shi, don haka sai an kai shi kashi-kashi: ɗakin kwana, ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin injina, da zaure mai ƙofa biyu inda ake shiga da fita. An riga an gwada wannan a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda aka harba ɗakinta na farko a 1998, kuma tun Nuwamban 2000 akwai mutane a cikinta kullum.

Inda kwantenarka za ta ba ka kunya shi ne siffarta. A nan Legas iska na danna bangon daga ciki da waje daidai wa daida, shi ya sa ba ka jin komai. A wata babu iska a waje. Idan ka cika ɗaki da iska irin wadda muke shaƙa, kowace murabba'in mita ta bango za ta sha turi na kusan tan 10 daga ciki. Lissafa dogon bangon kwantena mai ƙafa 40, za ka samu kimanin tan 300. Bangon zai kumbura, walda ta fara tsagewa daga kusurwa. Dubi tukunyar gas ɗin girki ko tankar mai, ka ga ba mai kusurwa a cikinsu; haka ɗakunan wata za su kasance, dogaye masu zagaye. Akwai kuma na yadi mai ƙarfi da ake naɗewa a hura a can kamar balan-balan, an maƙala irinsa a tashar sararin samaniya a 2016.

A ganina, gwanintar aikin tana wurin mahaɗa, kuma kai mai walda za ka fi kowa gane wannan. A 1970, da kumbon Apollo 13 na Amurka ya samu matsala a hanyarsa ta zuwa wata, mutum uku suka fake a ƙaramin kumbon sauka, iskar da suke fitarwa ta fara taruwa tana neman shaƙe su. Akwai matatun iska a babban kumbon, amma masu kusurwa huɗu ne, ramin ƙaramin kuma zagaye ne. Da leda da kwali da salatif suka haɗa su. Darasin shi ne bakin ƙofa, da bakin tiyon ruwa, da soket, da ƙarfin wuta, duk su zama iri ɗaya a kowane ɗaki, ko wace ƙasa ce ta ƙera shi.

Kuma dole kowane ɗaki ya iya rufuwa shi kaɗai cikin gaggawa. A 1997 wani kumbon kaya ya daki ɗaya daga ɗakunan tashar sararin samaniya ta Rasha mai suna Mir, ya huda shi, iska ta fara zurarewa. Da suka zo rufe ƙofa sai ga wayoyi sun ratsa ta tsakiyarta, sai da suka yanke wasu suka cire wasu. Saboda haka a zane mai kyau waya da bututu suna bi ta jikin bango, kuma ana jera ɗakunan yadda kowanne zai samu mafita biyu. Jerin gwano irin na taragon jirgin ƙasa yana da haɗari, in na tsakiya ya lalace an raba gida biyu.

Bayan an jera, sai a binne. Wata ba shi da iska ko garkuwar maganaɗisu da za su tare masa miyagun haskoki daga rana da sararin samaniya, ga ƙananan duwatsu masu faɗowa da gudun da ya fi na harsashi. Da rana zafi na kaiwa digiri 120, da dare ya faɗi ƙasa da 130 a ƙarƙashin sifiri. Maganin duka ukun ɗaya ne: a tara ƙasar wurin a kan ɗakunan, kaurin mita 2 zuwa 3. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro na ƙasa a Kano ya san yadda bango mai kauri ke riƙe sanyi. Nauyin ma da sauƙi, domin abu a wata kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa na duniya yake yi.

Sai dai wannan ƙasar ita ce babbar abokiyar gaba. Ƙurar hunturu da muke kuka da ita iska ta goge mata kaifi. Ta wata kamar garin kwalba take, tana manne wa komai. 'Yan sama jannatin kumbon Apollo 17, da suka yi kwana 3 kacal a kan wata a Disamban 1972, sun ga yadda ta cinye musu rigunan fita ta cushe mahaɗai, ɗayansu, Harrison Schmitt, har atishawa da cushewar hanci ya yi. Wata dabara da ake nazari ita ce rigar ta zauna a waje maƙale da bango, mutum ya shiga ta bayanta daga cikin ɗaki, ƙura ba ta ga hanyar shigowa ba. Filin saukar kumbo ma sai an yi shi nesa da gida, a daɓe shi a kewaye da tudu, don wutar roka na watsa tsakuwa.

Batun wuta kuwa, janareta ba shi da amfani, tunda babu iskar da mai zai ci wuta da ita. Sola ce, amma dare ɗaya a wata ya kai kwana 14 namu. Kai da ka san kuɗin batirin da zai riƙe firji dare ɗaya, ka ninka. Wannan ne ya sa idon kowa ke kan ƙuryar kudancin wata, wajen ramin Shackleton, inda wasu tuddai ke samun rana mafi yawan shekara. Rana a can tana bin gefen sama ne, saboda haka faifan sola a tsaye za a kafa su. Hukumar NASA ta Amurka kuma ta gwada ƙaramin injin nukiliya a 2018 don irin wannan buƙata. Ni dai ba zan amince da sansanin da ya dogara da hanyar wuta ɗaya ba. Abin da mutane ke mantawa shi ne fitar da zafi: fanka ba ta aiki a waje, sai an shimfiɗa manyan faifai masu sakin zafin injina zuwa sarari.

Ruwa ana juya shi ne. A tashar sararin samaniya ana tace gumi da fitsari da tururin numfashi, a 2023 sun kai ga dawo da kashi 98 cikin 100. Daga ruwan ake ciro iskar oksijin da wutar lantarki, mutum ɗaya na buƙatar ƙasa kaɗan da kilo 1 a rana. Akwai kuma ƙanƙara a ramukan kudu da rana ba ta taɓa leƙawa, kumbon LCROSS ya tabbatar da ita a 2009, ita kanta ƙasar wata sama da kashi 40 na nauyinta oksijin ne a ɗaure cikin ma'adinai. Haƙo su da tacewa a can aiki ne da har yanzu yake matakin gwaji.

Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis, wato ƙa'idojin haɗin gwiwar ƙasashe kan binciken wata da sararin samaniya, a Disamban 2022 tare da Ruwanda, su ne na farko a Afirka, kuma daidaita kayan aiki tsakanin ƙasashe na cikin abin da ta ƙunsa. Idan an zo ginin, tsarin zai saɓa da yadda muka saba a nan, inda ake tarewa kafin a jawo wuta. Tashar wuta da na'urar sadarwa ne za su fara sauka, sai motocin haƙa masu aiki ba direba su share fili, sannan ɗakunan su iso a haɗa su a binne, a bar injinan iska da ruwa su yi ta aiki ana sa musu ido daga duniya kafin mutum na farko ya kwana a ciki.