Amsa ga Hajiya kan malamar da za a ba ajin nazare

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na saurari saƙonki, kina tambaya ko duk mai takardar NCE ta isa a ba ta ajin 'yan shekara uku zuwa biyar. To, gaskiya ba kowace ba.

NCE dai ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a Najeriya, shekara uku ake yi, amma fanni-fanni ce. Wadda ta karanta tattalin arziki an shirya ta ne don manyan yara. Ki nemi wadda ta yi ECCE, wato fannin renon ƙananan yara da koyar da su, in babu, sai wadda ta yi fannin firamare. Ki duba rajistarta ta TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa. In kuma kina da mai haƙuri da yara amma ba takarda, NTI ta Kaduna, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa, na da karatun NCE daga nesa, tana aiki tana karatu.

Amma fa takarda ba ta nuna komai sai kin saka ta a aji. Ki ba ta yara minti ashirin, ki koma baya ki yi shiru. Tana durƙusawa daidai tsayin yaro in za ta yi masa magana? Tana kiran suna? Tana sauya aiki bayan minti goma zuwa sha biyar? Don ɗan shekara uku ba ya wuce haka, sai ya fara mutsu-mutsu, ita kuma ta ɗauka rashin ji ne ta ɗauko bulala.

Babbar matsalar, wallahi, ita ce rubutu da wuri. A damƙa wa ɗan shekara uku fensir a ce ya kwafe daga 1 zuwa 50, alhali yatsunsa ba su yi ƙwari ba. Ƙarshe malama ta riƙe hannunsa ta rubuta, iyaye su ga littafi a cike su yi murna, yaro bai san komai ba. Kafin fensir akwai zane a yashi, mulmula yumɓu, yaga takarda, zura murafun kwalba a zare. Ƙidaya ma da tsakuwa: a ce ɗauko min huɗu. In ya rera har ashirin amma ya kasa ɗauko huɗu, hadda ce kawai. Haruffa kuma a fara da sautinsu, ya ji bambancin bari da ɓari kafin ya ga b da ɓ a allo.

Sai yawan yara. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce 25 ga malama ɗaya a nazare, kuma ki haɗa ta da mataimakiya saboda kai yara bayi.

Horo kuwa kada ki tsaya ga bitar kwana biyu a shekara. Duk mako ki ware awa ɗaya, malama ɗaya ta gwada darasi, sauran su zama yaran, sannan a gyara mata abu ɗaya tak, mako mai zuwa a duba ko ya gyaru.