Darasi ɗaya ya rage maka, je ka zauna ka ci shi

Wani ɗan'uwa ɗan Daura da ke aikin kula da tsofaffi a Ingila ya rubuto mini. Shekararsa huɗu a can, yana son ya karanta aikin jinya, amma jami'ar da ya tuntuɓa ta ce sai da lissafi. Takardarsa ta WAEC ta 2011 tana da C5 a Turanci, C4 a Bayoloji, D7 a lissafi. An ce ya koma kwaleji ya rubuta GCSE, wato jarrabawar kammala sakandare ta can. Ya ce kunya yake ji da girmansa ya koma aji, ga Hajiya da ƙanne suna jiran abin da yake turowa duk wata. Wani abokinsa a gida kuma ya ce ya turo kuɗi a "gyara" masa sakamako, ba sai ya wahala ba.

Ƙanena, bari in fara da maganar abokin nan, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali. Kada ka tura ko sisi. Jami'o'in Ingila suna iya bincikar sakamakon WAEC ta intanet, kuma tun 2022 hukumar ta buɗe shafin da ake ciro takardar shaida kai tsaye daga rumbunta. Aikin jinya aiki ne na rajista, akwai majalisar da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci. Ranar da aka gano takardar bogi, ko bayan shekara goma ne, aikin zai tafi, kuma takardar zamanka za ta iya bin bayansa. Ka yi shekara huɗu kana tashin dare, kana juya marasa lafiya a gado, kana cin halal ɗinka. Ina roƙonka don Allah kada ka ɗora wannan gumin a kan ƙarya saboda darasi ɗaya.

Kuma darasi ɗaya ne, ka lura. Mutanenmu da yawa da zarar sun ji "koma kwaleji" sai su ɗauka sakandare za su sake daga farko. Ba haka ba ne. A can ana ɗaukar A1 zuwa C6 na WAEC daidai da cin GCSE, wato maki 4 zuwa sama a tsarin 9 zuwa 1 da suka fara a 2017. Turancinka da Bayolojinka suna nan daram. D7 ce kawai ba ta kai ba, kamar yadda ba ta kai ba a nan gida in za ka shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua. Idan kwaleji ta yi gardama a kan takardarka, akwai ofishin UK ENIC, wanda a da ake kira NARIC. Za ka tura musu hoton takardar, ka biya, su ba ka shaidar abin da ta yi daidai da shi a tsarinsu. Kafin ka tura, ka ajiye fasfo da takardar WAEC gefe da gefe ka duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. In a makaranta an rubuta maka sunan gari, a fasfo kuma sunan mahaifi, sa a yi maka rantsuwar kotu a Daura ko Katsina tun yanzu, a turo maka.

Batun kuɗi ya fi yadda kake tsammani sauƙi a wannan matakin. A Ingila, wanda ya kai shekara 19 kuma bai da maki 4 a Turanci ko lissafi yana da haƙƙin karanta su kyauta a kwaleji, kuma baƙon da ke da izinin zama ya cika shekara uku a ƙasar yawanci yana shiga ciki. Bizar aikinka ba ta hana karatu. Abin da ba za ka taɓa ba shi ne awannin da ke rubuce a takardar wanda ya ɗauki nauyin bizarka. Ƙarin awanni da kake yi don kanka, su za ka rage.

Ajin yakan fara a Satumba, sau ɗaya ko biyu a mako, da yawa da yamma. Jarrabawa a Mayu da Yuni, sakamako a Agusta. In ba a dace ba akwai wata damar a Nuwamba, ta Turanci da lissafi kaɗai. Lissafin hawa biyu ne. Na ƙasa iyakarsa maki 5, na sama yana kaiwa 9. Kai maki 4 kake nema, don haka ka zaɓi na ƙasa, kada girman kai ya kai ka na sama. Takardu uku ne, ɗaya babu kalkuleta. Abin da ke kayar da mutanenmu ba ƙididdigar ba ce, yadda ake naɗe tambaya cikin dogon labari da Turanci ne: wata ta sayi fenti, gwangwani ɗaya yana shafe kaza, bango tsawonsa kaza, nawa za ta kashe. Ka sauke tsofaffin takardun hukumar da kwalejinka ke bi, AQA ce ko Edexcel ko OCR, kyauta suke a shafukansu. Ka riƙa yin ɗaya duk mako da agogo a gabanka. Sannan kada ka yanki tikitin zuwa Babbar Sallah a shekarar jarrabawa, don a 'yan shekarun nan tana faɗowa daidai Mayu zuwa Yuni.

Za a yi maka tayin wata gajerar hanya, jarrabawar lissafi mai suna Functional Skills, mataki na 2. Ta fi sauri, kuma jami'o'i da dama suna karɓarta don aikin jinya. Wasu ba sa karɓa. Ka rubuta wa jami'o'i biyu ko uku da kake hari, su amsa maka a rubuce, ka adana amsar. Ni dai tunda shekara ɗaya ce kuma kyauta, GCSE nake so maka, domin babu ƙofar da za ta mayar da ita.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne abin da ke bayan lissafin. WAEC kaɗai ba ta kai mutum digiri a can, sai ka ƙara da difloma da suke kira Access, ta manya masu komawa karatu, shekara ɗaya, kiredit 60. Daga nan ka nemi gurbi ta UCAS, ofishin da ake neman shiga jami'a ta hannunsa, wanda wa'adinsa ke cika a Janairu. To amma rancen karatu na gwamnati, da biyan kuɗin makaranta irin na 'yan ƙasa, da tallafin fam 5,000 a shekara da ake ba ɗaliban jinya, duk sai mai takardar zama ta dindindin. Shekara biyar aka saba yi a bizar aiki kafin a same ta, kuma a 2025 gwamnati ta sanar da shirin tsawaita wa'adin. Saboda haka ka ci lissafin yanzu, ka bincika matsayinka wajen lauyan shige da fice mai rajista, sannan ka sa lokacin diflomar ya zo kusa da samun takardar dindindin. In ka yi gaggawa, za ka samu gurbi a caje ka kuɗin baƙi, wanda albashin kula da tsofaffi ba ya ɗauka.

Kunyar kuwa, gemu ba ya hana ilimi. Ajin yamma na kwaleji ba na yara ba ne. Za ka tarar da direban bas, da uwa mai 'ya'ya, da wanda ya zo da rigar aiki bai ko koma gida ba. Babu mai kallon kowa.

Hajiya ita ce za ka yi wa magana da kanka, ba ta bakin ƙani ba. Ka kira ta bayan Isha'i, lokacin da gida ya yi tsit, ka gaya mata daga Satumba zuwa Yuni abin da kake turowa zai ragu da kaza, ka faɗi adadin, ka faɗi dalili, ka nemi albarkarta. Kuɗin abinci da magani su tsaya yadda suke, na biki da gudummawa su jira. Iyayenmu suna iya jure raguwar da aka sanar da su, abin da ke cin ransu shi ne su ga kuɗi ya ragu babu bayani, su kwana suna tunanin ko wani abu ya same ka. Kwalejoji kan buɗe rajista tun kafin Agusta kuma ajin yamma yana saurin cika, don haka ranar hutunka ta gaba ka ɗauki fasfo da shaidar izinin zama da takardar WAEC ka je ofishin ɗaukar ɗalibai. Za su yi maka ɗan gwaji a kwamfuta don su san ajin da za su sa ka. Allah Ya ba da sa'a, ka gaida mutanen Daura in kun yi waya.